Naɗin Jan Salatif

Da ta kwance noti na ƙarshe, murfin tsohuwar kwamfutar ya buɗe. Tun ranar da kwamfutar ta mutu, karatun ungozoma da take yi ta intanet ya tsaya cak.

"Sai haƙuri, maman yara," in ji mijinta, mai gyaran wuta, ranar da ya duba kwamfutar. "Ta ƙone ƙurmus, gyaranta ya fi ƙarfinmu."

Yau da ya fita, ta ɗauki sukudireba da kanta. Ta hure ƙura, ta sunsuna. Ko ƙauri babu. Waya ɗaya ce aka datse, aka naɗe bakinta tsaf da jan salatif.

Ta san naɗin nan. Shekara da shekaru tana yaba masa shi a gaban mutane.