Wanda Ya Kashe Birkin Yazid

Launin keken ya kuɓuce mini. Wata rana in tuno shi ja, wata rana kore. Tsufa ke nan. Sauran labarin dai yana nan daram.

Masu gyaran keke biyu ne a bakin hanyar Zango, cikin Daura. Audi yana gindin dalbejiya, Isyaku yana tsallaken titi. Audi bai taɓa kiran Isyaku mai gyara ba. Mai faci yake ce masa, shi ma in ya ga dama.

Wata rana da hantsi Yazid, malamin asibiti mai zaga ƙauyuka, ya turo keken da yayansa Kalilu ya bar masa, irin mai kaurin taya da ake hawan duwatsu da shi. Birkin gaba sai karkarwa yake. Jiya ma saura ƙiris ya afka cikin garken shanu.

Audi ya tsuguna. Ramin da ake ɗaure birki a ƙafar gaba ya cinye, zaren da noti ke kamawa ya zama gari. Alminiyam ne, ba ya son ƙarfi, amma wani ya ɗauko notin babur, ya goge kan notin da magagari, ya danna shi ciki, ya matse kamar mai ɗaure bijimi.

"Wane jakin ne ya yi wannan aika-aika?"

"Yaya ya ce a layin nan aka gyara masa, bara," in ji Yazid.

Audi ya yi murmushi. Layin mutum biyu ne.

Bai taɓa gyaran ba sai da ya gangara da keken zuwa teburin mai shayi, inda 'yan acaɓa ke taruwa. "Ku zo ku ga kisan kai da rana tsaka! Wanda ya yi wannan, ko baro kada ku ba shi." Bai ambaci suna ba. Leɓe kawai ya tura tsallaken titi.

Isyaku ya tsallako yana goge hannu. "Malam Audi, wallahi ban san keken nan ba."

"To kwance mana notin, gwani. Ko shi ma ba ka san shi ba?"

Isyaku ya gwada sufanunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta kama gogaggen kan. Gumi ya keto masa, dariya ta kece.

Sai Audi ya zaro tsohuwar sufanarsa mai ƙaramin baki. Ta zauna a kan notin cif, kamar tare aka haife su. Ya zura mata guntun bututun da yake ƙara wa kowane aiki ƙarfi da shi, ya murɗa sau ɗaya, noti ya fito. Ya jefa shi cikin gwangwaninsa, ya ɓace a tsakanin 'yan uwansa.

Gaskiya ɗaya, gyaran ya yi kyau. Ya faɗaɗa ramin, ya yanka sabon zare, ya cusa ɗan zoben ƙarfe mai zare ciki da waje, birki ya kama gam. Duk juyin da zai yi sai ya ɗaga murya: "Ka gani, mai faci?"

Daga ranar ko iska ba a ƙara zuwa sha wurin Isyaku ba. Kafin a yanke gero ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki famfonsa, ya koma Baure. Audi kuwa har yau yana ba da labarin, kullum jakin na ƙara tsawon kunne.

Zancen launin ne ya dame ni, har na tare Kalilu bayan sallar Juma'a na tambaye shi. Ya ce ban yi kuskure ba, duka biyun ne. Yazid ne ya shafe shi da kore. Ja ne ranar da shi Kalilu ya kai shi a ɗaure masa birki, a gindin dalbejiya.