Kututturen da Aka Ba Riƙon Igiya

Ɗazu da ake yaba ginin nan naka na ga kana washe baki, ka manta da masu kwaɓa maka ƙasa suna tsaye a bayanka. Ɗana, na san inda irin wannan take kai mutum. Zauna ka ji.

An yi wani mai haƙa rijiya a ƙasarmu, gwani ne na gaske. Yana da abokin aiki, tsaransa, wanda ke riƙe masa igiya. Shi yana can ƙasa yana sara, mai igiya yana sama yana jawo kwandon ƙasa, idonsa a kan bangon rijiya. In ya ga ƙasa ta fara tsagewa, ko ya ji an girgiza igiya, sai ya jawo abokinsa waje ba tare da tambaya ba. Haka suka shekara da shekaru. Duk wanda ya yabi mai haƙa, amsarsa ɗaya ce: “Allah ne ya ba da ruwa, wannan kuma shi ya riƙe ni.”

Wata shekara suka sami ruwa a wani ƙauye mai marmara, inda magabata suka haƙa suka gaji. Ranar gari ya ruɗe. Mata na guɗa, maroƙi na kirari, dagaci ya kama hannun mai haƙa a gaban jama'a ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Yabo kuwa kamar zuma yake, in ya yi yawa yakan sa maye. Wani dattijo ya ce a yaba wa mai igiya ma, sai gogan naka ya yi dariya ya ce, “Igiya? Ai ko kututture aka ɗaura wa zai riƙe ta.” Aka kwashe da dariya. Mai igiya ya miƙe. Ya naɗe igiyar, ya ajiye a gaban abokinsa, ya kama hanyar gida.

Da mai haƙa ya bi shi a daren nan ya ba shi haƙuri, da magana ta mutu. Amma labari ya riga ya zaga cewa ga wanda kututture ke riƙe wa igiya, kunya kuma ta hana shi janye maganarsa. Da aka kira shi ƙarasa wata rijiya a unguwar gaba, jama'a suka taru su ga abin mamaki. Ya ɗaura igiya a kututturen wata tsamiya, ya sauka ana ta tafi. Wasu samari suka ja masa kwando na ɗan lokaci don nishaɗi. Da rana ta take, kowa ya tuna da gonarsa, aka watse ɗaya bayan ɗaya.

Can ƙasa, inda bakin rijiya ya koma kamar faifai don nisa, ya ji wani abu na zubo masa a ƙeya. Ya shafa, ya ji rairayi ne. Duk mai haƙa ya san abin da rairayi ke nufi. Bango ne ke shirin ruftawa. Ya girgiza igiya kamar yadda ya saba, shiru. Ya sake girgizawa, ya ƙwalla kira, muryarsa ta buga bango ta dawo masa. Ya kama igiyar zai hau da hannu, matakan da ya sassare a bango suka riƙa ɓarewa ƙarƙashin ƙafarsa, ya faɗo. Ƙasa ta kama idon sawunsa, ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Sunan da ya yi ta kira a ramin nan ba na dagaci ba ne, ba na maroƙi ba ne. Wata mai tallar fura ta jiyo shi daga nesa, ta ɗauka wani ne ke kiran abokinsa a gona, ta wuce.

Shi kuwa mai igiya, tun safe zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da la'asar ya kasa daurewa, ya tafi. Ya tarar ba kowa a wurin, igiya a miƙe tsaf, ɓawon kututturen duk ya saɓule saboda ja. Ya kama igiyar ya ja da dukkan ƙarfinsa yana kuka, ba ta motsa ba, ƙasa ta riga ta rufe abokinsa. Har yau ban manta da ɓawon nan ba. Kututturen dai ya riƙe igiyar, kamar yadda aka ce zai riƙe. Jawo mutum ne bai iya ba.

Saboda haka in an yabe ka, ka ce Alhamdu lillahi, ka waiwaya ka ambaci wanda ke riƙe da igiyarka. Ba a banza Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya ba.