Madugu da Cikon Hanya

"Gida na saya, ban yi cinikin ɗaukar kwando ba."

Haka baƙon, wani madugun goro da ya taso daga Gwandu, ya amsa wa mai unguwa a ƙofar sabon gidansa na Kalgo, da ya zo masa da maganar cikon hanya.

Hanyar kuwa ba ta sarki ba ce, ta masu gidajen ce. Kafin damina kowane magidanci yakan ɗebo jar ƙasa ya cike gaban ƙofarsa, ya daɓe. Madugu yana ganin mutumin da jakai arba'in suka yi wa dako ba zai ɗora kwando inda rawani yake zama ba. Ya manta girman kai rawanin tsiya ne.

Mai unguwa ya ce, "To, Madugu, babu tilas."

Maƙwabcin dama ya ɗaga nasa wurin taƙi guda, na hagu ya ɗaga biyu. Shi kuwa yana zaune yana yi musu sannu da aiki. Ruwa dai ba ya tambayar gidan wa, kwari yake nema.

Ranar da fadama ta tumbatsa, Madugu ya wayi gari da tafki daga bakin hanya har cikin zaurensa. Ya tattare riga, ya aje rawani, ya roƙi aron kwando.

Sai ga mai unguwa, masunta biyu na biye da shi.

"Madugu, kada ka wahal da kanka. Unguwa ta zauna, ta yafe maka cikon wanga wuri. Tun da muke ba mu taɓa kama tarwaɗa kusa da gida haka ba."