Rumfar Jirgin Kyaftin

Tamfol ɗin ya sake ruftawa cikin jirgin, ya yi tumbi da ruwan sama. Kyaftin ya tsaya a filin da ke bayan gidansa dogare da sandarsa, yana kallonsa yana ƙwafa.

'Yan unguwa ne suka laƙaba masa Kyaftin don tsokana, domin duk shekarunsa na kamun kifi bai taɓa tuƙa abin da ya fi wannan ɗan kwale-kwalen katako ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki, jirgin yake ɗore a kan bulo. Shi ma mai jirgin yana kwance a ɗaki, ya juya wa duniya ƙeya. Duk abin da likita ya ce ya yi don motsa hannunsa, ko ɗaya bai yi ba. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza.

Ranar da aka yi ruwan farko, tana kwashe shanya ta ce, "Malam, jirginka fa ya fara shan ruwa."

Da rana ta yi sanyi sai ga shi a waje.

Mai walda ya faɗi kuɗin rumfar ƙarfe, Kyaftin ya ce masa ba jirgin sama zai rufe ba. Sai maƙwabcinsa mai gyaran famfo ya kawo masa ragowar bututun roba, kyauta. Kyaftin ya tsaga robar cikin tsohuwar tayar babur, ya samo doguwar gora. Dabarar ba wuya: a lanƙwasa bututun su zama baka, a ɗaure bakinsu a gefen jirgin, a gitta gorar a sama, a ja tamfol, ruwa ya riƙa zarcewa ƙasa.

A baki ne ba wuya. Bututun yana son hannu biyu, shi kuwa hannunsa na hagu ya zama kamar na aro. Ya danne da gwiwa, ya ja roba da haƙori. Bututu ɗaya ya kuɓuce ya make shi a haɓa. Ya yi wuni guda yana zufa yana mita kafin rumfar ta tsaya.

Washegari ya tarar da ita a kwance.

Ya ɗora wa iska laifi, ya sake ɗaurewa. Da ta kuma faɗuwa ya ce awakin unguwa ne, ya kewaye wurin da ƙaya. Ta sake faɗuwa. Katakon gindin jirgin ya fara yin baƙi, ga wani warin danshi yana tashi. 'Ya'yansa sun daɗe suna cewa a sayar kafin ya ruɓe. In ya ruɓe sun yi gaskiya ke nan, kuma shi da bakin ruwa sai dai labari.

Yau da ya zubar da ruwan, ya tsuguna ya duba da kyau. Robar ba tsinkewa ta yi ba. An warware ta ne tsaf, har an rataye ta a jikin bututu. Akuya ba ta da wannan ladabin.

Nan ya tuna cewa mai gyaran famfo ya taɓa tambayarsa, cikin wasa, ko zai sayar wa surukinsa da jirgin. To, ashe kyautar bututu da biyu aka yi ta. Ya zagaya ya same shi a ƙofar gida, ya wanke shi tas a gaban jama'a. Mutumin bai musa ba, bai kuma rama ba.

"Allah ya huci zuciyarka, Kyaftin," abin da ya ce ke nan, yana sosa ƙeya.

Wannan sanyin bakin ya fi zagi ƙona masa rai. Ya koma ya ajiye roba, ya ɗauko igiyar komarsa ta kamun kifi, ya shiga ɗaurin masunta, irin wanda sai ɗan sana'a ke iya kwancewa. Haƙoransa suka gaza, dole ya cusa bakin igiyar a yatsun hagu, ya matse yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta leƙo ta ce abinci yana hucewa. Ya ce ya huce.

Kwana biyu rumfar ta yi a tsaye. A na uku, ya tashi daga barcin rana ya ga gefe ɗaya ya zube. Wannan karon da wuƙa aka bi igiyar.

Ya gyara. Washegari bayan azahar ya ce zai je aski. Ya fita ta ƙofa, ya zagayo ta lungu, ya ɗaga tamfol, ya kama gefen jirgin ya haye ciki da sandarsa. Zafi kamar tanda. Zufa na shiga masa ido, sauro na bikinsa, amma ya daure.

Can sai ga takun ƙafa. Ta ƙasan tamfol ya hango takalmin roba mai tabon gam ɗin bututu. Ya damƙe sandar, zuciyarsa na tafasa. Yau sai unguwa ta taru.

"Gaskiya na gaji da shan zagi, Uwargida," in ji mai gyaran famfo, murya ƙasa-ƙasa. "Mutumin nan ko sallamata ya daina amsawa."

"Ka ƙara haƙuri, saura kaɗan," in ji muryar matarsa. "Jiya da hannun ya ɗauki kofin shayi, shi kansa bai lura ba. Yanke na wancan gefen, shi ne yake tilasta masa ɗauri da hagu."