Kiɗan Buɗewa Don Beryl

Clarrie Hoskin ya soke kiɗa na farko a karo na biyar, har bakin fensirin ya huda takardar. Shayinsa ya daɗe da hucewa. Gobe da ƙarfe huɗu na yamma 'yan matan za su cika masa zaure, su ɗari da arba'in, kuma har yanzu bai san da me zai buɗe ba.

Shi ne ke kiran wurin zaure. Matarsa Raelene rumfa take ce masa.

Makaɗan ba su taɓa ba shi ciwon kai ba. Su tamanin ne, masu goge da masu ƙaho da mai manyan ganguna, kuma duk kiɗan fim ɗin da ya zaɓa shi suke bugawa, ba musu. Masu sauraron ne jarabar duniya. Ko sau ɗaya ba su taɓa yi masa tafi ba. Tauna suke yi daga farko har ƙarshe, in kuwa abu bai yi musu ba, nan take suke bayyana ra'ayinsu, irin ra'ayin da sai an wanke zaure bayansa.

Uwar tafiyar ita ce Beryl, mai faɗin ƙugu da kallon raini. Ita ke shiga farko, kuma inda ta sa ƙafa nan sauran ke sawa. Ranar Talata Clarrie ya yi gangancin buɗewa da kiɗan wani fim ɗin kaboyi, mai ƙarar bulala da sukuwar dawaki. Beryl ta ɗaga kai, ta juya, ta nufi ƙofa a guje, sauran suka rufa mata baya. Ƙofa ta ɓalle, wata daga cikinsu kuma ta taka wa Raelene ƙafa.

Yanzu ga Raelene ta shigo kicin tana ɗingishi, ta leƙa takardar ta kan kafaɗarsa.

"Sannu da aiki, sarkin makaɗa. Yau kuma wa za a karya?"

"Haba Rae, kuskure ɗaya fa."

"Ɗaya? Ka manta fim ɗin fatalwa? Kwana biyu Dulcie, ɗaya daga 'yan matan naka, ba ta ci abinci ba, ga ta da tsohon ciki. To ka ji da kyau, tsoho: gobe ce ta ƙarshe. In Beryl ta sake juyawa, an gama kiɗa a rumfar nan har ka mutu."

Ya san ba wasa take yi ba, kuma tsoro ya kama shi sosai. Yana ɗan shekara sha tara ya tafi birnin Melbourne koyon kiɗa, da burin wata rana ya riƙe sandar nan ya tsaya gaban makaɗa. Mahaifinsa ya rasu, shi kuwa ya dawo gida, yankin Gippsland, da niyyar wata shida. Shekara talatin da huɗu ke nan. A duk burin nan, abin da ya rage masa shi ne awa biyun nan na yamma, su ma ga su za su bi ruwa.

Ya fere fensir. Kiɗan fim ɗin yaƙi ya tafi, saboda gangunansa. Na 'yan leƙen asiri ya bi shi, ƙahoninsa na fashewa ba sallama. Ya bar sarewar wani fim ɗin matuƙan jirgin ruwa a tsakiya, ya bi ta da kiɗan rawa mai taushi. A can ƙasa kuwa ga abin alfaharinsa: kiɗan wani tsohon fim ɗin soyayya, minti sha ɗaya, goge arba'in suna kuka tare. Duk mai hankali da irinsa yake rufe taro.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya tuna cewa Beryl ba ta taɓa jin ƙarshen taro ba. Da ta gama abin da ya kawo ta take ficewa, ko ban kwana babu. Shekara da shekaru yana ajiye nama mai kyau sai babbar baƙuwa ta tafi.

Ya ja kibiya tun daga ƙasa har sama, ya mai da kiɗan soyayyar na buɗewa. Malamansa na Melbourne, in suna da rai, su yi haƙuri.

Washegari ya sa farar riga, ya taje gashi, ya zura takalman roba. Ƙarfe huɗu daidai Raelene ta buɗe sabuwar ƙofar. Ya ɗaga yatsa, ya ba makaɗa izini.

Goge ɗaya ya fara, siriri. Beryl ta shigo, ta ci birki a tsakiyar hanya. Ɗari da talatin da tara suka tsaya a bayanta. Ta zuba wa Clarrie ido. Sauran gogunan suka shigo a hankali. Beryl ta dubi ƙofa, ta dube shi, sannan ta taka da isa zuwa wurinta. Kafin kiɗan ya kai tsakiya ta daina tauna, idanunta sun lumshe.

Clarrie ya manta da kowa. Hannayensa na yawo a iska, hawaye na zubo masa, ba ya ko jin kunya. Da gogen ƙarshe ya yi shiru, ba wanda ya tafa, kamar kullum.

Ya waiga yana neman hukunci. Raelene ta ɗago daga inda take sunkuye, ta duba ma'auni, ta goge shi da hannun riga, ta sake dubawa.

"Sake sa faifan nan, sarkin makaɗa," ta ce. "Lita ashirin da biyu a tatsa ɗaya. Tun da muka sayi saniyar nan ba ta taɓa ba da madara haka ba."