Hukuncin Alhaji Abdulbaƙi

Alhaji Abdulbaƙi ya dangwarar da ƙunshin a kan bencin ƙofar shagonsa, ya ce a kira masa maƙwabta su zo su shaida.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana sayar da shadda a Kasuwar Wunti bisa tsarin da ya gada. Ba ya yanka yadi sai mai saye ya taɓa, ba ya sallamar kaya sai ya ɗiga musu ɗan harafin ajami a can gefe kamar yadda mahaifinsa ke yi, ba ya buɗe shago ranar Juma'a sai an sauko. Da wannan tsari ya aurar da 'ya'ya tara a Ƙofar Wambai.

Sai ga wani shafi ya ɓullo a waya, wai shi Adon Gari. Babu shago, babu sunan mai shi. Mutum ya ga hoto, ya tura kuɗi, mai babur ya kai masa har Gubi ko Miri. Cikin shekara biyu, 'ya'yan aminan Alhaji suka koma wucewa ta gabansa sanye da shaddar da ba a hannunsa suka saya ba, su gaishe shi daga nesa.

Ba don Malama Christiana ba, da tuni ya rufe shagon. Malamar firamare ce 'yar Bogoro. Duk Asabar takan zo ta zaɓi kala goma sha biyar ko ashirin, ta fita da su hasken rana ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa a kan benci tana duban launi, tana ɗaukar hotonsu da wayarta. Ba ta cika ciniki ba. Alhaji ya ɗauka ɗinkin biki take haɗa wa mutanen garinsu, kuma bai ga dalilin tambaya ba. Ita yakan zazzage wa takaicinsa.

"Baba, ai kasuwa faɗi gare ta," ta ce masa wata rana. "Kowa da rabonsa."

"Kasuwar da ba ta da ƙofa ta ɓarayi ce, 'yata. Ranar da na kama mai shafin nan, sai ya bar garin nan da ƙafarsa."

Ta naɗe kayanta, ta yi masa sai an jima.

Wannan takaicin ne ya kai shi ga sa maƙwabcinsa Izzuddeen, mai sayar da takalma, ya sayo masa yadi biyar daga shafin; ƙunshin da ya dangwarar a benci ke nan. Da mutane suka taru, Alhaji ya farke ledar, ya ƙi ko warware shaddar, don a ganinsa ba ta kai wannan daraja ba. Ya murza gefe ɗaya. Yatsunsa suka ɗan dakata a kan yadin, amma idanu sun riga sun yi masa yawa, kuma Izzuddeen ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo.

"Jabu ce," ya ce a tsanake. "Duk wanda wannan ta fito daga hannunsa, macuci ne. Ni Abdulbaƙi na faɗa."

Maganar dattijo irinsa ba ta faɗuwa ƙasa a Bauchi. Kafin sati ya zagayo bidiyon ya shiga kowace waya, masu saye suka yi wa shafin ca da zagi, aka wayi gari babu Adon Gari. Alhaji ya sa aka share shago, ya ƙona turare, ya zauna jiran mutanensa su dawo.

Ba su dawo ba. Sai suka koma wasu shafukan, na Kano da Kaduna. Asabar ta zo, Malama Christiana ba ta zo ba. Ta biyu ma haka, har ta huɗu. Ƙura ta fara kwanciya a kan kaya.

Ya jawo shaddar nan daga ƙarƙashin benci don ya yage tsumman goge kantar shago, ya warware ta a karon farko, almakashi a hannu.

A can gefen yadin, da tawadar da shi kaɗai ke jiƙawa, ɗan harafinsa na ajami yana zaune daram.