Sifilin da Mahdi Ya Taɓa

Wallahi ko da Alƙur'ani na dafa, ba za ku yarda da abin da Mahdi Lukman ya jawo a Rano ba, kuma da yatsa ɗaya tak.

Mahdi dai a aji biyar na sakandare ya yi sallama da boko, wai malaman ne suka kasa bin saurinsa. Duk da haka in ya zauna a teburin mai shayi, cewa yake kwamfuta in ta gan shi gyara zama take yi. Gaskiyar magana, gyara bai iya ba. Ɓatawa kuwa, a nan ya yi digiri.

Sai ƙungiyar manoma da makiyaya ta Rano da Kibiya ta nemi sakatare, har da babur na aiki. Mutum biyu suka fito: Mahdi, da abokinsa na ƙuruciya Abdulganiyyu, mai difiloma. Shugaban ƙungiya, Alhaji Baffa, ya ba su gwaji ɗaya. Za a yi wa shanu rigakafi. Ga sunayen makiyaya a shafi ɗaya na Excel a kwamfuta, ga yawan shanunsu a wani. A haɗa kowa da shanunsa, a fitar da jimillar kowace mazaɓa, a kawo ranar Asabar. Da ƙyar ma makiyayan suka faɗi adadin, don Bafulatani ba ya son a san yawan garkensa.

Mahdi ya buɗe fayil, fayil ya kalle shi. Ya rufe, ya tafi shan shayi. Amma babur ɗin nan har mafarkinsa yake yi.

Ranar Alhamis ya leƙa ɗakin Abdulganiyyu, ya same shi yana goge sabuwar jaka, kwamfuta a buɗe. Abdulganiyyu ya zaunar da shi kamar ɗalibi. Wannan VLOOKUP ce, ita ke ɗaukar sunan mutum ta je ɗaya shafin ta ɗauko shanunsa. Wannan SUMIF ce, ita ke tara shanun mazaɓu, na Tarai daban, na Kahu daban, na Yalwa daban.

"Ka riƙe wannan da kyau, mutumina, ko za a tambaye ka. Sifilin nan na ƙarshen VLOOKUP shi ke cewa sai ainihin sunan. In ka mai da shi ɗaya, duk wanda ta ga dama take kwasowa."

Mahdi ya yi hamma. A ransa ya ce, ji ɗan rainin wayo, har da lacca.

Abdulganiyyu ya fita alwala. Kafin ya wanke ƙafa, Mahdi ya goge sifili, ya sa ɗaya, ya ja fomular har ƙasa, ya adana. Dabararsa mai sauƙi ce: ranar Asabar aikin mai difiloma ya watse a gaban jama'a, shi kuma ya taso ya gyara da yatsa ɗaya, ya hau babur.

Asabar ta yi, zauren ƙungiya ya cika, an jingine sanduna a bakin ƙofa. Alhaji Baffa ya ce aiki ɗaya kaɗai aka kawo masa, ya sa aka haska shi a bango da majigi, ya gyara tabarau ya fara karantawa.

Malam Ishiyaku na makarantar allo, wanda saniyarsa ɗaya ce kuma gurguwa, ya tashi da garke guda.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "A ina zan je in karɓa?"

Zaure ya ɗauki dariya. Aka zo kan Arɗo Dalhatu na Kahu, wanda in shanunsa za su tsallaka titi sai direbobi sun kashe mota. Bango ya ce shanunsa biyu. Jimillar Kahu gaba ɗaya ba ta kai ta ruga guda ba, allurar da za a aika musu ko maruƙa ba za ta isa ba.

Arɗo bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce shi daga yau ya daina yarda da akwatin nan, ko an gyara ko ba a gyara ba. Sai dai mutum ya zo ruga ya gani da idonsa.

Mahdi ya ga dama ta samu. Ya miƙe yana baza riga. Abdulganiyyu ya ja masa hannu, ya fizge.

"Ranka ya daɗe, Arɗo ya yi gaskiya! Wannan ba aiki ba ne, cin mutuncin manya ne. Ni a ganina, duk mai wannan aikin, babur ya haramta gare shi. A sa shi ya bi rugage a ƙafa, cikin taɓon daminar nan, daga Kahu har Yalwa, ya ƙirga shanun da kansa, wutsiya bayan wutsiya!"

"Mahdi, zauna," in ji Abdulganiyyu a hankali.

"Ba zan zauna ba! Abota daban, gaskiya daban!"

Aka tafa. Arɗo ya ce a rugarsa za a fara, kuma yana da wani bijimi da ba ya son baƙi. Alhaji Baffa ya tambayi jama'a ko an amince, zaure ya amsa da murya ɗaya, muryar Mahdi ta fi ta kowa.

Alhaji ya cire tabarau, ya dubi Mahdi da mamaki, ya ce bai taɓa ganin mai adalci irinsa ba.

Mahdi yana cikin sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, Abdulganiyyu ya matso kunnensa ya ce, "Ɗan banza, ni na samu aiki a Kano, na janye tun Talata. Wannan kai na zauna na haɗa wa, da sunanka na miƙa shi."